Kafin Ka Sayar da Doyarka Ka Sayi Raifil



A zamanmu na ƙarshen wata, bayan an gama maganar kuɗin makabarta da gyaran burtsatse, wani matashi daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce yana da buƙata. Ya noma doya bana, Allah ya sa mata albarka, kuma kwasar adashensa ta kusa. Yana so ƙungiya ta ranta masa ciko ya sayi bindigar farauta, ta farko a rayuwarsa. Ba harbi-ka-ruga irin ta kakanni yake nufi ba, ba kuma mai baki ɗaya ba. Raifil yake so, mai madubin saiti a samanta, irin wadda yake gani a YouTube Turawa na kayar da barewa da ita daga nesa. Har hoto ya nuna mana a waya, ya ce akwai wanda ya yi masa alkawarin kawo ta da sauƙi.

Ba mu ba shi ba. Ya fita ransa a ɓace, kuma mun san a Garatu ba shi kaɗai ke da wannan buri ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta dalilinmu a nan, kowa ya karanta, wanda bai yarda ba ya zo zama na gaba mu yi ta baki da baki.

Ba mu raina farauta ba. Sana'a ce mai tushe, mai sarautunta, da Sarkin Baka da Sarkin Dawa, kuma akwai dattawa cikinmu da naman daji ya riƙe gidajensu a shekarun da hatsi ya yi wuya. Wanda gyazbi ya taɓa shiga masa gonar shinkafa, ko birai suka yi masa kaca-kaca da masara, ya san maharbi ba ɗan wasa ba ne. Maganarmu a kan wace bindiga ce, da ta wace hanya.

Bari mu fara da ita kanta bindigar, don da yawa daga masu sha'awarta ba su san abin da ya bambanta ta da sauran ba. Idan ka juya gindin harsashi za ka ga ɗan ƙaramin maɓalli a tsakiya kamar cibiya. Nan allurar bindiga ke duka idan an ja kunama, wuta ta tashi ta kama albarushi. Wannan shi ne harsashi mai cibiya, kuma duk manyan bindigogin farauta da na soja shi suke ci. Akwai ƙaramin harsashi, .22, wanda shi a gefen gindi ake dukansa, ƙarfinsa kaɗan ne. Ita kuwa raifil, abin da ya sa ta zama raifil shi ne tsaga murɗaɗɗiya da aka yi a cikin bututunta. Tsagar ce ke juya harsashi guda ɗaya ya tafi a miƙe, nesa. Mai baki ɗaya da mai baki biyu bututunsu sumul yake, kuma ƙwayoyin dalma suke fesawa da yawa a lokaci guda. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne harsashin mai baki ɗaya, wannan mai jan kwanso ko kore da muka saba gani, shi ma mai cibiya ne. Ashe abin da yaronmu ke nema a intanet, ƙanensa na rataye a ɗakin dattawan unguwa tun da daɗewa.

Masu bidiyon nan ba ƙarya suke yi ba. A Amurka, mai ƙaramin ƙarfi zai shiga kanti ya samu Savage Axis ko Ruger American ko Mossberg Patriot a kan dala ɗari huɗu zuwa ɗari shida, su kuma ba shi shawarar ya ɗauki .243 ko .270 ko .308 ko .30-06. Shawara ce mai kyau a wurinsu. Harsashi na nan a kanti, kwali mai guda 20, akwai filin koyon harbi, akwai lokacin farauta da gwamnati ta tsara, kuma naman da suke bi manya ne. Mu kuma a kan hanyar Minna zuwa Bida muke zaune, dokar da ke kanmu daban ce.

Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu ne, ba mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa: mashinga, fistol, da raifil ɗin soja, wanda dokar ta ambaci girmansu ƙarara, 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci. Gida na biyu bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda: mai baki ɗaya, mai baki biyu, bindigar iska, da raifil ɗin farauta wanda girmansa bai faɗa cikin waɗancan na soja ba. Gida na uku su ne na ɗuri ta baki, harbi-ka-ruga da danginta, su kuma ikonsu na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

To ku duba inda gizo ke saƙa. Wannan .308 da kusan kowane bidiyo ke cewa ita ce ta fi dacewa da mai farawa, faɗin harsashinta 7.62 ne. Tagwaye suke da harsashin G3 da FN da sojojinmu suka daɗe suna riƙewa. Ita ma .30-06 faɗinta ke nan. Wato bindigar da Ba'amurke ke saya wa ɗansa ranar da ya fara bin sa daji, a nan ta faɗa layin da mallakarta babu izini ke jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ko ta gida na biyu ce, riƙe ta babu lasin na iya kai mutum gidan yari har shekara 5, haka ma harsashi. Fam-akshin da ake ta yayi ita ma ba ta cikin waɗanda dokar ta sa a gida na biyu, domin an cire duk bindigar fesa dalma mai ɗura kanta ko mai na'urar ɗuri. A farkon 2018 Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ɗan jihar nan, ya ba da umarnin a tattara irin waɗannan makamai daga hannun jama'a.

Shi kansa lasin ba a miƙa shi kamar katin waya. Doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa hukuntawa kan tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Kuma an sha rufe ƙofar gaba ɗaya. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, amma Kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce takunkumin ba da lasin na nan daram, shugaban rundunonin tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake shaida wa 'yan jarida cewa an dakatar da ba da lasin. Idan gwamna da kujerarsa bai iya buɗe wannan ƙofa ba, wane ne wannan da ya yi wa yaronmu alkawari a WhatsApp? Duk mai son sanin matsayin da ake ciki yau, hedkwatar 'yan sanda na nan a Dutsen Kura, Minna. Ya je da ƙafarsa ya tambaya da bakinsa. Wanda ya ce maka zai kawo bindiga yau takarda ta biyo baya, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Yanzu mu ɗauka an buɗe, kuma ka samu izini. Har yanzu muna ganin raifil ba ita ce ta dajinmu ba.

Me ya rage a dajin da ke kewaye da mu? Zabin daji, makwarwa, zomo, burgu, gyazbi, sai gada idan an yi sa'a, ita ma da ƙyar ta kai akuya. Gwanki da kanki da ɓauna da kakanni ke ba da labari, sai dai a nufi gandun dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979 da haɗa dajin Borgu da na Zugurma, kuma can farauta haramun ce a doka. Harsashin .308 da aka yi domin naman da ya fi mutum nauyi, idan ya samu zomo babu abin da za ka kai wa uwargida sai kunnuwa. Zabo kuwa da ya tashi sama, harba masa harsashi guda ɓarna ce, ƙwayoyin dalma ne maganinsa.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne nisa. Mai baki ɗaya aikinta a cikin mita 30 zuwa 40 yake, ƙwayoyinta kuma 'yan ɗaruruwan mita suke yi su zube ƙasa. Harsashin raifil mai cibiya, idan ya kuskure abin da aka auna, yana iya tafiyar fiye da kilomita 3. Ko ɗan .22 da ake rainawa, a jikin kwalinsa an rubuta gargaɗin cewa yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Ku tsaya a bayan gari ku auna kilomita 3 ta kowace fuska. Akwai gonar Bagwari da iyalinsa suna haƙar doya, akwai ruga, akwai matan da suka je itace, akwai motocin Bida, akwai ɗaliban jami'ar Gidan Kwano da suka kama haya har cikin ƙauyuka. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce a wurare da yawa, ciyawar kaka ta fi tsayin mutum, ba ka ganin abin da ke bayan abin da kake auna. Ga kuma ɗabi'ar farautar dare da fitilar goshi, inda ido biyu masu ƙyalli kawai ake gani a ja kunama. Da harbi-ka-ruga ma an sha yin kuskure irin wannan a ƙasar Hausa, balle da abin da ke ratsa itace ya wuce.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ta kawo shi wurinmu tun farko. Dala ɗari huɗu a canjin yanzu ta haura naira rabin miliyan, kuma wannan farashin kantin can ne, ba a yi maganar shigowa da ita ba. Madubin saiti mai arha, harbi kaɗan zai sa ya goce, mai kyau kuma yakan kai kuɗin bindigar. Madubin nan sai an daidaita shi da harbi a fili, a sake, a kuma sake, duk harsashi ne ke ƙonewa. Wanda bai harba kwali da yawa a kan allo ba, ba shi da hakkin ya auna mai rai. To a ina zai riƙa samun harsashin? Wannan tambaya ce ta sa yaronmu ya yi shiru a zaman. Mai lasin mai baki ɗaya yana da dillalai masu rajista da zai je wurinsu. Mai raifil ta bayan fage ba shi da kowa sai wanda ya sayar masa, kuma duk mun san hanyar da harsashin 7.62 ke bi a jihar nan, da waɗanda take kai wa. Ranar da aka kama dillalin, wayarsa za a buɗe, lambarka na ciki. Babu wanda zai tsaya ya saurari cewa kai gyazbi kake bi. Ga wani haɗarin kuma: 7.62 na AK daban, na G3 daban, sunan ne kawai ya yi kama. Mai saye a duhu bai san abin da ake zuba masa a hannu ba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Akwai abin da ba ma son faɗa amma dole mu faɗa. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana shirin ƙaramar Sallah, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin gargajiya a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe su kisan gilla. Yawancinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ne. Allah ya jiƙansu, ya isar musu. Zalunci ne tsantsa, babu uzurin da za a kawo wa waɗanda suka aikata. Amma ya nuna mana yanayin da muke ciki: a yau Bahaushe da bindiga a hannu, kafin a tambaye shi sunansa an riga an yanke masa hukunci. Nan gida ma, tun satar ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021 da ta yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar, da abin da Shiroro da Munya da Rafi ke gani, idon kowa a buɗe yake. Muna zaune lafiya da 'yan uwanmu Gwari da Nupawa, muna cin kasuwa ɗaya, muna aron gona a hannunsu. Raifil ɗaya da za a tono a ƙarƙashin gadon yaro ɗaya a unguwarmu ta isa ta zubar da amanar da iyayenmu suka shekara da shekaru suna ginawa. Ba shi kaɗai za a kira mai kai wa 'yan bindiga rahoto ba.

Mun san amsar da wasu za su ba mu, don an faɗa mana ita a zaman, kuma ba maganar banza ba ce. Suka ce ɓarayin daji na yawo da AK-47 babu wanda ya tambaye su lasin, mu talakawa ne kawai ake karanta wa doka. Gaskiya ne, kuma yana ƙona mana rai kamar yadda yake ƙona muku. Sai dai a raba zance biyu. Idan tsaro ake nufi, a faɗa ƙarara tsaro ne, kada a lulluɓe shi da rigar farauta. Tsaron gari ba aikin mutum ɗaya da bindigarsa a ɓoye ba ne. Aikin 'yan banga ne masu rajista, da sanin mai unguwa da dagaci da DPO, kowa ya san wa ke riƙe da me. Kuma raifil ɗin farauta mai cin harsashi huɗu ko biyar, wadda sai ka ja ƙarfe da hannu bayan kowane harbi, ba za ta tsaya gaban mai harsashi 30 ba. Abin da za ta yi shi ne ta jawo maka su, domin bindiga na daga cikin abin da suke shiga gari nema.

To me muke ba mai ƙaramin ƙarfi shawara, idan da gaske farautar yake so?

Ya fara da mutane kafin ƙarfe. Ya je wurin shugaban mafarautan yankinmu ya gabatar da kansa, ya shiga ƙungiyarsu, sunansa ya shiga littafi, ya karɓi kati. Ya bi dattawa daji rani guda yana ɗaukar jaka da gora. A nan zai koyi sawu, da iska, da inda ba a harbi, da dabbar da ba a taɓawa, mai ciki da mai shayarwa. A nan kuma za a gane ko yana da haƙurin sana'ar, don ba kowa ke da shi ba. Mun ga waɗanda kwana biyu na cizon sauro da ƙaya suka warkar da su daga sha'awar gaba ɗaya, kuɗinsu kuma ya tsira.

Idan lokacin bindiga ya yi kuma hukuma ta ba da izini, ra'ayinmu mai baki ɗaya ce, lamba 12, mai karyewa a tsakiya. Ita ta fi araha, kayan cikinta kaɗan ne, ba ta cika lalacewa ba, irin su Baikal ta Rasha sun shekara da shekaru suna aiki a dazukan Afirka ta Yamma. Da canza harsashi kawai za ta yi maka zabo da ƙananan ƙwayoyi, ta yi maka gyazbi da gada da BB ko AA. Kuma harsashi ɗaya da take ci tarbiyya ce: wanda ya san ba shi da na biyu ba ya harbin abin da bai gani da kyau ba. Idan aka karya ta aka rataya a kafaɗa, kowa daga nesa ya san babu abin tsoro.

Idan ta hannu ce, a tafi da dattijon da ya san kan abin. A karya ta a ɗaga bututun ga hasken rana, a duba ko tsatsa ta ci rami a ciki, ko akwai kumburi ko lotsawa. A rufe ta a girgiza, idan tana kaɗawa a mahaɗa a bar ta. A duba tsagewa a ƙota kusa da ƙarfe. A karanta tsawon ɗakin harsashi da aka buga a jikinta, 70 ne ko 76, don cusa dogon harsashi a gajeren ɗaki na iya fasa ta a fuskarka. Lambar da ke jikin ƙarfe ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi, kuma a canza suna a gaban hukuma. Lasin na mutum ɗaya ne, ba a aronsa, ba a gadonsa. Masu bindigar marigayi baba a bayan ƙofa, wannan magana ta shafe ku. Ƙirar bayan gida mai cin harsashin kanti, wadda aka yi da bututun ruwa, ita kam ko kyauta ce kada a karɓa. Dokar ta hana ƙera ta, kuma akwai masu yatsu uku a garuruwanmu da za su ba ku labarinta.

A cikin kasafin a ware kuɗin akwatin ƙarfe da kwaɗo tun kafin a sayi bindigar. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na maƙwabta da almajirai. Bindiga a kulle wuri guda, harsashi a kulle wani wurin, makulli a jikin mai ita. Wanda kuɗinsa bai kai na akwati ba, bai kai na bindiga ba.

Matsayar da zaman ya cimma ita ce, asusun ƙungiya ba zai ranta wa kowa ko sisi don sayen bindiga ba sai ya kawo takardar izini a hannu mun gani, kuma ba za mu tsaya wa duk wanda aka kama da ta bayan fage ba. Wannan ta biyun ta yi wa wasu tsauri, an yi ta muhawara har aka kira Isha'i, amma a kanta aka tashi.

Shi kuma ɗan uwanmu, dattawa biyu sun bi shi gida washegari. Sun ce masa ciko na nan idan injin ban ruwa yake so don noman rani, ko irin doya na baɗi, kuma ɗaya daga cikinsu ya yi alkawarin kai shi wurin mafarauta da kansa idan an gama girbi. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Mun roƙe shi, kafin nan, ya goge lambar mutumin nan daga wayarsa.